Gudun da ke ciyar da tsoro: yadda zaman shawara ke kwance ƙullin fargaba

Wanda bai taɓa fama da ciwon fargaba ba, da wuya ya gane abin da zai sa magidanci mai cikakken hankali ya tsaya cak a ƙofar ɗakin taro, gumi na karyo masa, zuciyarsa na dukan uku-uku, alhali waɗanda ke ciki abokan aikinsa ne da yake gaisawa da su kullum safiya. Shi ma ya san ba abin da za su yi masa. Nan ne abin ya fi cin rai: ya sani, amma sanin bai hana gabansa faɗuwa ba. Shi ya sa maganganun da kowa ke saurin faɗa masa, “ka kwantar da hankalinka”, “ka cire abin a ranka”, suke bi ta bayan kunnensa. Da hankali na kwanciya da umarni, da tuni nasa ya kwanta.

To, in maganar 'yan uwa da abokan arziki ba ta yi ba, me zai sa ta wani baƙo ta yi, wanda ake zuwa wurinsa sau ɗaya a mako a zauna awa guda? Mutane da yawa nan suke tirjewa, su ce ai hira ce kawai za a je a yi. Kuskuren yana cikin zaton da ake yi cewa aikin mai ba da shawara lallashi ne. Wanda ya san aikinsa a kan ciwon fargaba, yawancin abin da zai sa ka yi shi ne ainihin abin da ka daɗe kana gudu, sai dai da tsari, da yardarka, kuma daki-daki.

A fara da jiki. Tsoro ƙararrawa ce da aka halicci ɗan Adam da ita. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi biyu, ɗaya a kowane ɓangare, da ake kira amigdala, aikinsu gadi. Da sun hango abin da ya yi kama da haɗari sai su tayar da jiki, tun kafin tunani ya gama tantance abin da ido ya gani. Sinadarin adirinalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, baki ya bushe, ciki ya ɗuri ruwa. Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana wannan tun a 1915: jiki na shirin ko ya yi faɗa ko ya ranta a na kare. Ga wanda mota ta yo kansa, wannan ƙararrawar ce ke fid da shi.

Sai dai mai gadin ba gwanin bambancewa ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ana kiran abin ciwo ne idan ƙararrawar ta riƙa kaɗawa ba dalili, ko ta zarce girman dalilin, ta daɗe, har ta soma cin barcin mutum da aikinsa da karatunsa da hulɗarsa da jama'a. Likitoci sun kasa shi gida-gida. Akwai mai saƙe-saƙen da ba ya yankewa, yau lafiyar yara, gobe aiki, jibi abin da ko alamarsa babu. In ya shafe wata 6 a haka a yawancin ranaku, sun ba shi gidansa daban. Akwai wanda firgici ke far masa kwatsam, cikin 'yan mintuna ya kai maƙura, ya ji kamar ransa zai fita. Akwai mai tsoron idon jama'a. Akwai mai tsoron abu guda tak, allura ko jini ko hawa bisa ko jirgin sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan, adadin da ya fi na kowace lalurar ƙwaƙwalwa. Mata sun fi maza, yawanci kuma tun ƙuruciya ko tashen balaga yake somawa, sannan kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun wata kulawa.

Sauƙin da ake biya da tsada

Rabe-raben nan na likitoci ne. Tambayar da ta fi shafar mai ciwon ita ce: me ya sa tsoron ba ya gushewa da kansa, tunda abin da ake tsoron ya ƙi faruwa shekara da shekaru?

Mu koma ga mutuminmu na ƙofar ɗakin taro. A ce wata rana yana karanta rahoto muryarsa ta yi rawa, ya ga kamar wani ya murmusa. Mako na gaba, da lokacin taro ya ƙarato, sai ya aika cewa wani uzuri ya taso masa. Saƙon na tafiya sai ya ji sanyi ya ratsa ƙirjinsa, kamar an sauke masa kaya. Wannan sanyin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwarsa ta ɗauki karatu biyu nan take: lallai ɗakin nan wurin haɗari ne, kuma gudu ne ya cece ni. Karatun da ya wuce shi shi ne na uku, wato abin da zai faru da ya shiga. Watakila muryar ta yi rawar minti biyu ta daidaita, watakila ma ba wanda ya kula. Masanin halayyar ɗan Adam O. Hobart Mowrer ya tsara wannan bayani a 1947: hanyar da tsoro ke shiga daban, abin da ke raya shi daban, kuma mai raya shin shi ne sauƙin da ake ji duk lokacin da aka kauce. Yau taro, gobe amsa waya a gaban mutane, jibi duk wata sabga da za a haɗu da jama'a. Filin rayuwarsa na ta tsukewa, tsoron na ta ƙiba.

Gudu kuma ba sai da ƙafa ba. Paul Salkovskis, wani masani a Birtaniya, ya ja hankali a 1991 kan ƙananan dabarun da mai fargaba ke yi ko yana cikin wurin: zama kusa da ƙofa, haddace duk kalmar da zai furta, ƙin haɗa ido, ajiye ƙwayar magani a aljihu ko da ba zai sha ba, ƙin fita sai da rakiya, dafa wuya a ji bugun jini, kwana a intanet ana laluben alamomin cuta. Kowace daga cikinsu tana sace darasin. In ya fito lafiya ba zai ce “ashe ba komai” ba, cewa zai yi “da ban zauna kusa da ƙofa ba da na kaɗe”. Har da tambayar da ake yi wa na kusa: “Kin tabbata ba ciwon zuciya ba ne?” Ta ce ta tabbata, hankali ya kwanta na awa ɗaya, sannan a sake tambaya. Iyali da ƙauna suke amsawa, da ƙauna suke ɗauke masa duk abin da ke tayar masa da hankali, ba su san rura wutar suke yi ba. Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya ga nasa cikin wahala, abin da zai yi ke nan.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin jinyar. Sauran rabin shi ne yadda ake warware shi.

Cikin ɗakin

Zaman farko yawanci na tambayoyi ne. Mai hankali cikin masu wannan aiki ba zai yi gaggawar cewa fargaba ce ba sai ya tabbatar likita ya duba jiki, domin akwai lalurorin da ke sa rigarta: ƙwayar nan ta wuya da ake kira tayrod in ta yi aiki fiye da kima, rikicewar bugun zuciya, ƙarancin jini, faɗuwar sukari, yawan sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da goro, wasu magungunan asma, da halin da jiki ke shiga in an bar giya ko ƙwaya farat ɗaya. Sau da yawa za a ba ka wata 'yar takarda mai tambaya 7, GAD-7, da aka fitar a 2006. Tana tambayar mako biyun da suka wuce, makinta daga 0 zuwa 21, kuma 10 ko fiye alama ce ta a zurfafa bincike. Ba ita ke yanke hukunci ba. Amfaninta shi ne a riƙa maimaita ta, a ga ko ana ci gaba ko ana tsaye wuri ɗaya. Za a kuma gaya maka cewa abin da ka faɗa amana ne, sai fa in ranka ko na wani na cikin haɗari.

Sannan a shiga filla-filla. Yaushe ne na ƙarshe da abin ya same ka? Kana ina, da wa? Me ka ji a jikinka? Me ya zo maka a rai? Me ka yi? Ga kuma wadda ta fi duka nauyi a ganina: me ka daina yi saboda shi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya rage wani abu don kunya, ya rage wa mai jinyarsa hasken da zai yi aiki da shi.

A nan akwai bambancin da ake yawan cakuɗawa. Akwai shawara irin ta sauraro, wadda Carl Rogers ya kafa harsashinta a Amurka. A 1957 ya rubuta cewa abin da ke sauya mutum shi ne ya samu wanda zai saurare shi da gaskiya, ya karɓe shi ba sharaɗi, ya ji abin kamar yadda shi yake ji. Bincike na shekaru da dama ya nuna dangantakar da ke tsakanin mutanen biyu tana da hannu a sakamako, kowace hanya aka bi. Edward Bordin ya kasa ta uku a 1979: a yarda kan inda aka dosa, a yarda kan aikin da za a yi, sannan a aminta da juna. Ba wanda zai bi ka zuwa abin da yake tsoro in bai amince da kai ba. Amma sauraro kaɗai, ga mai firgici ko mai tsoron jama'a, kan zama wani wurin fakewa. Mutum ya shekara yana zuwa yana sauke nauyin ƙirji, yana fita da sanyin rai, amma har yanzu bai shiga ɗakin taro ba.

Hanyar da ta fi tarin hujjar bincike a kan fargaba ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100, shi ne ya aza ɓangarenta na tunani a shekarun 1960. Ya lura cewa tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya ji akwai wata magana da zuciya ke raɗawa da sauri, har mai ita ba ya lura da wucewarta. Zuciyar mai fargaba kuskure uku take yi a lissafi: tana kumbura yiwuwar mugun abu, tana kumbura muninsa in ya faru, tana kuma raina ƙarfin mai ita na jurewa. Aikin shi ne a kamo maganar nan a shimfiɗa ta a faifai.

“Malam, da muryarka ta fara rawa, me ya fara zo maka a rai?”

“Na ce shi ke nan, kowa ya gane ban iya ba.”

“Cikin mutum goman da ke wurin, nawa ne suka gaya maka haka?”

“Ba wanda ya faɗa, Likita. Amma ai na gani a fuskarsu.”

“Kai fa, ka taɓa jin muryar wani ta yi rawa yana magana?”

“Sau da yawa.”

“Me ka ɗauke shi?”

Sai ya yi shiru, can ya ce, “Gaskiya ban ma tuna ko wane ne ba.”

A lura, ba a ce masa ba komai ba. Tambayarsa aka yi har ya ji amsar daga bakinsa. Ba kuma koya masa ake yi ya riƙa yi wa kansa daɗin baki ba. Mai fargaba ba wawa ba ne, in ka ce masa komai zai tafi daidai ya san ba ka da tabbas. Ana so ne ya ɗauki abin da zuciyarsa ta raɗa masa a matsayin zato, wanda za a iya gwadawa a gani.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne firgicin nan na kwatsam. David Clark na Jami'ar Oxford ya bayyana shi a 1986 a matsayin kuskuren fassara. Mutum ya ji zuciyarsa ta buga da ƙarfi, don gajiya ko hawan bene ko ma ba dalili. Ya fassara shi da cewa zuciyar za ta tsaya. Fassarar ta tsorata shi, tsoron ya ƙara wa zuciyar gudu, ƙarin gudun ya zama shaida. Numfashin da yake ja da sauri ya rage iskar kabon da ke cikin jini, jiri ya zo, yatsu da leɓe suka ɗauki tsira-tsira kamar ana soka allura, ya ce ga mutuwar nan. Cikin minti kaɗan guguwar ta haɗu. Maganin da aka gina a kan wannan bayani yana ba mutane mamaki: bayan likita ya tabbatar jiki lafiya, a cikin ɗakin za a tayar da alamomin da gangan. Ka yi numfashi da sauri na minti ɗaya. Ka juya a kan kujera har jiri ya kama ka. Ka hau bene a guje. Mai jinyar yakan yi tare da kai. Sannan ku zauna ku jira abin da ka rantse zai faru. In ya ƙi faruwa sau ɗaya, sau biyar, sau ashirin, fassarar ta fara rasa gindin zama. Gani ya kori ji.

Komawa inda aka gudo

Wannan dabara ta tunkarar abin da ake tsoro ta girmi Beck. A 1924 Mary Cover Jones ta yi aiki a birnin New York da wani yaro mai suna Peter, ɗan ƙasa da shekara uku, da ke tsoron zomo. Ta riƙa kawo zomon cikin keji daga nesa yayin da yaron ke cin abin da yake so, kullum tana matso da shi kaɗan, har ta kai ya bar zomon na ɗan gatsar yatsunsa. Joseph Wolpe, likita ɗan Afirka ta Kudu, ya mayar da abin tsari a 1958, daga baya kuma ya kawo ma'aunin da har yau ake aiki da shi: ka ba tsoronka maki daga 0 zuwa 100.

Da wannan ma'auni ake gina matakala. Ga mutuminmu, yin tambaya ɗaya a zaman mutum uku watakila 30 ne. Faɗin ra'ayinsa a babban taro, 55. Karanta rahoto ba tare da ya haddace ba, 75. Tsayawa da gangan a tsakiyar magana ya yi shiru na daƙiƙa biyar kowa na kallonsa, 90. Shi ne zai zaɓi matakin da zai fara, shi ne zai ce ya shirya hawa na gaba. Sharaɗin kawai a ajiye dabarun fakewa: ba kusa da ƙofa, ba sunkuyar da kai. Kafin ya shiga zai rubuta abin da yake zaton zai faru da yadda ya yarda da shi, in ya fito ya rubuta abin da ya faru. Ga masu tsoron jama'a akan ɗauki bidiyonsu suna magana, su fara faɗin yadda suke jin za su fito, sannan su kalla. Yawanci mutumin da ke cikin hoton ya fi wanda ke cikin zuciyarsu natsuwa nesa ba kusa ba.

Da can ana koyar da cewa ka tsaya a wurin har sai tsoron ya sauka. Michelle Craske ta Jami'ar California da ke Los Angeles da abokan aikinta sun gyara wannan fahimta: abin da ya fi tasiri shi ne zaton mutum ya sha ƙasa, ko da ya fito gabansa na faɗuwa. Sun kuma jaddada cewa tsohon karatun ba ya gogewa, sabo ne ake ɗorawa ya rinjaye shi. Wannan ne dalilin da ya sa ake so a gwada a wurare daban-daban, da mutane daban-daban, ran da ake jin ƙarfi da ran da ba a ji. Shi ne kuma dalilin da tsoro kan leƙo bayan watanni, musamman lokacin gajiya ko rashin lafiya, ba tare da hakan na nufin aikin ya rushe ba. Ga tsoron abu guda, Lars-Göran Öst na Suwidin ya nuna ana iya yin aikin a zama ɗaya mai tsawon har awa 3.

Abu biyu nake so a riƙe a nan. Na ɗaya, ba a yin wannan da tilas ko da mamaya. Wanda aka ingiza cikin abin da yake tsoro ba da yardarsa ba, ƙarin tsoro da rashin yarda zai kwaso. Na biyu, duk wannan magana ta ƙararrawar da ke kaɗawa a banza ce. Matar da ake duka a gida, ko ma'aikacin da ake yi wa barazana, ko wanda bashi ya sha wa kai, ƙararrawarsu gaskiya take faɗa. Abin da suke buƙata shi ne tsira da mafita, kuma mai ba da shawarar da ya zaunar da su yana gyara musu tunani ya saki hanya.

Mai saƙe-saƙe shi ne ya fi wuyar sha'ani, don ba shi da zomo ɗaya da za a matso masa da shi. Abin da yake gudu shi ne rashin tabbas. Masana a Kanada, irin su Michel Dugas, sun gina jinyarsu a kan haka: a koya masa zama da “ban sani ba”, ya aika saƙo ba tare da ya karanta sau biyar ba, ya bar ɗansa ya yi jinkirin minti goma bai kira ba. Cewa ya daina tunanin kuwa ɓata baki ne. Daniel Wegner ya gwada a 1987: ya ce wa mutane kada su tuna farar dabbar nan da ake kira beyar na minti biyar, suka kasa, daga baya ma tunanin ya dawo musu da yawa. Shi ya sa Thomas Borkovec ya kawo wata dabara a 1983, ta ware rabin awa kullum, lokaci ɗaya wuri ɗaya, don damuwa kawai. In ta zo da hantsi a rubuta ta a ce mata sai an jima. Wani ƙaramin bincike a Jami'ar Jihar Pennsylvania, na mutum 29 masu wannan ciwo da suka riƙa rubuta damuwoyinsu ana bin sawu, ya sami sama da kashi 90 cikin ɗari ba su faru ba. Mutum 29 ba yawa, amma kowa na iya ɗaukar littafi ya gwada a kansa.

Akwai kuma hanyoyin da ba su tsaya jayayya da tunani ba. Steven Hayes ya gina tasa a kan barin tunanin ya zo ya wuce, mutum kuma ya ci gaba da abin da ke da daraja a wurinsa. Jon Kabat-Zinn ya soma shirin horar da hankali kan halin da ake ciki a 1979, kuma wani gwaji na mutum 276 da aka wallafa a 2022 ya sami shirin na mako 8 bai gaza maganin fargaba da ake kira esitalofiram ba. Numfashi a hankali shi ma yana taimako, sai dai in ya zama abin da mutum ke ruga wa don “hana kansa mutuwa”, ya koma cikin jerin dabarun fakewa.

Nawa ne tsawon tafiyar? Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar zama 12 zuwa 15 na awa guda-guda ga mai saƙe-saƙe, da awa 7 zuwa 14 gaba ɗaya ga mai firgici. Yawancin aikin a waje ake yin sa, tsakanin zama da zama. Wanda ba ya aikin gida kamar wanda ya karɓi magani ne ya ajiye a aljihu. Sakamakon kuma a faɗe shi yadda yake. Ingila ta buɗe babban shirin jinya ta zantawa a 2008, bisa ƙoƙarin Clark da masanin tattalin arziki Richard Layard, tana auna kowane majinyaci a kowane zama, kuma kusan rabin waɗanda suka kammala ne ke warkewa. Wasu na samun sauƙi ba su kai ga warkewa ba, wasu sai an sauya hanya ko an sauya mutum. Makonnin farko ma fargabar kan ƙaru, tunda an soma taɓa inda ke ciwo, kuma nan ne da yawa ke janyewa.

Magani ba kishiyar zantawa ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa na iya rubuta irin su satiralin, waɗanda kan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kan ɗan ƙara rashin sukuni da farko, kuma ba a barin su farat ɗaya. Waɗanda ke buƙatar taka-tsantsan su ne dangin dayazefam, wanda ya shiga kasuwa da sunan Valium a 1963. Suna kwantar da hankali cikin mintuna, jiki na saurin sabawa da su, yanke su kwatsam bayan an daɗe na iya kawo farfaɗiya, kuma saurin aikinsu na mayar da su gudu a cikin kwalba. Ƙa'ida ita ce kada su wuce mako 2 zuwa 4.

Ƙwararru ba su wadatu ba a yawancin duniya, shi ya sa gwajin da aka yi a Zimbabuwe ya ja hankali. Likita Dixon Chibanda ya horar da ma'aikatan sa-kai, galibinsu dattawan mata, su zauna da mutane a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, su yi zama 6 na warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Da harshen Shona suna kiran ciwon kufungisisa, wato yawan tunani. A sakamakon da aka wallafa a 2016, bayan wata 6 kusan kashi 12 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun fargaba, a kan kusan kashi 48 na waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata tsari mai zama 5 da aka gwada a Pakistan da Kenya. Jinya ta waya ko ta intanet, in akwai mai bin sawun mutum, ita ma bincike ya nuna tana aiki. Abin da ya haɗa su duka shi ne horo da tsari da sa ido, don haka wanda za ka zauna da shi kana da ikon tambayarsa: wane horo ka samu, wace hanya za mu bi, zama nawa, ta yaya za mu san ana ci gaba? Wanda ya yi maka alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari, ko ya ce ka watsar da maganin likita, ko ya nemi wata hulɗa da ta wuce aikin, ka tashi. Wanda kuma ya fara jin rayuwar ta ishe shi, ko ciwon ƙirji ya kama shi karon farko, asibiti zai nufa a ranar, ba jiran mako mai zuwa ba.

A zaman ƙarshe akan cika takarda ɗaya da mutum zai tafi da ita: abin da ke raya fargabata, dabarun da nake fakewa da su, alamomin farko da zan gane ta fara dawowa, da matakin da zan hau a makon da na gan su. Akan sa ranar sake haɗuwa bayan wata ɗaya ko uku. In mutuminmu ya dawo, watakila ya ce har yanzu gabansa na faɗuwa a ƙofar ɗakin taro, wani lokaci ma muryar na rawa. Mai jinyar zai rubuta, sannan ya tambaye shi taro nawa aka yi tun rabuwarsu, kuma nawa ya shiga.